KUNUN GYAƊA DA LEMUN TSAMI: TARIHIN CUTA DA KUƊIN MAGANI

'Yan uwana mata, 'yan mata da matan aure, musamman na ƙasarmu ta Gobir, tun daga Isa har Sabon Birni da ƙauyukan bakin iyaka. Yau za mu ɗan ajiye zancen kishiya da na lefe, mu taɓa tarihi. Kada wata ta yamutsa fuska ta ce tarihi ai na malaman makaranta ne, domin wannan tarihin a cikin tukunyarki yake.

Kowace uwargida ta san kunun gyaɗa ba ya haɗuwa sai da abu biyu: gyaɗar kanta, wadda mu a nan muka fi kira gujiya, da kuma ɗan tsami, ko na tsamiya ko na lemo. To a cikin waɗannan biyun, ita gyaɗa ta taɓa faɗawa hannun annoba a ƙasar nan har ta kusa gagarar talaka, shi kuwa lemo, ƙwaron da ke ɗauko masa tasa annobar ya riga ya tako ƙasarmu. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi aka ceto gyaɗa, shekara nawa abin ya ci, kuma aljihun wa ya biya. In mun gane wannan, za mu san abin da ya kamata a yi wa lemo tun da sauran lokaci.

Bari mu fara daga farko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da fatan auduga za su riƙa kwasa, sai manoman ƙasar Hausa suka duba suka ga gyaɗa ta fi ciniki, kuma ko ciniki ya ƙi ana iya cin ta, ita kuwa auduga ba a tuwo da ita. Daga 1912 sai gyaɗa ta mamaye kasuwa. A 1929 dogo ya kai Ƙaura Namoda, wannan kuwa shi ne ya jawo mu cikin harkar sosai, domin gyaɗar Isa da Shinkafi da Sabon Birni ta sami tashar da za a kai ta, a bayan jakai da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci. A Kano kuwa buhunan suka yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa, aka riƙa jera su kamar tsauni, su ne dalar gyaɗa da ake ba mu labari, wadda ba a ambatonta sai an tuna da Alhaji Alhassan Ɗantata. A shekarun 1960 Nijeriya tana kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Da kuɗinta ake biyan haraji, da shi ake aure, da shi ake zuwa Makka.

Wannan na maza ke nan. Mu mata kuma namu rabon yana cikin gida. Matar da ke kulle ba ta zuwa gona ba ta zuwa kasuwa, amma za ta sayi tiya biyu ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza tunkuza ta soya ƙuli-ƙuli, yarinya ta ɗauka ta kai talla. Da wannan ake zubin adashi, da shi ake tara wa 'ya kwanoni da tasoshi tun tana goye. Saboda haka duk abin da ya taɓa gyaɗa, ɗakin mace ya taɓa.

Tun ana cikin wannan daula akwai wasu mutane a gefe da ba a cika jin labarinsu ba. A 1922 aka kafa gonar gwaji a Samaru kusa da Zariya, wadda a 1962 ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Aikinsu shi ne gwada iri, da nazarin ƙasa, da bin diddigin ƙwari da cututtuka. Da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, wadda ke yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya ta riƙe rarar, an ware wani ɗan kaso na wannan rarar domin bincike. Kin ga ke nan tun asali guminmu ne ke biya, ko da ba a yi shawara da mu ba.

Sai fari ya zo, daga 1972 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe, wasu gidajen har irin shuka suka cinye. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga daminar 1975, shekarar da Janar Murtala ya hau mulki. Gyaɗa ta fito kamar abin arziki, can sai manoma suka ga ganye ya fara rawaya yana murɗewa, tsiron ya daina tashi, ya dunƙule wuri ɗaya kamar hannun kuturu, abin da ya sa ake ce wa ciwon kuturtar gyaɗa. Da aka zo cira, sai a tuge a ga saiwa fayau, ba ko ƙwaya. Masana sun ƙiyasta cewa a wannan shekara ɗaya cutar ta lalata kimanin hekta 700,000 ta gyaɗa a arewacin Nijeriya, asarar da ta kai wajen dalar Amurka miliyan 250. Ba ta tsaya a kan iyaka ta nuna takarda ba, 'yan uwanmu na Tsibiri da Maraɗi su ma ta shafe su.

Me ya kawo ta? Wani ɗan ƙwaro ne da kin sha gani, wato darɓa, wannan baƙin mitsitsin abin da ke taruwa a ƙarƙashin ganyen wake da gyaɗa yana barin danƙo kamar zuma. Ita darɓa tsotso take yi. In ta tsotsi tsiro mai ciwo, sai ta kwashi ƙwayar cutar a jikinta, duk tsiron da ta sake sauka a kai ta zuba masa. Masu fiffike a cikinsu iska ke ɗaukarsu daga gona zuwa gona, daga gari zuwa gari. Cutar ba ta bin iri, kuma ba baƙuwa ba ce, tun 1907 aka fara rubuta labarinta a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau. Abin da ya faru a 1975 shi ne darɓa ta yi yawan da ba a saba gani ba, ta kuma tarar da gyaɗar da kusan kowa ke shukawa ba ta da ƙarfin jure mata.

Ba cutar kaɗai ta rushe dalar gyaɗa ba, a faɗi gaskiya. Akwai fari, akwai ƙarancin farashin da hukuma ke biya, ga kuma kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Amma kuturta ce ta karya zuciyar manomi. Ta sake dawowa a 1983 da 1985 da 1988, mutane da yawa suka haƙura suka koma wake da gero. Ƙasar da ke sayar wa duniya gyaɗa ta koma shigo da man girki daga waje. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli kuwa, tiyar da take saye ta yi tsada, riba ta tsuke, wasu suka kife kaskon suya.

To ga inda darasin yake, ki saurara da kyau. A lokacin da annobar ta faɗo, maganin yana nan a duniya. Tun cikin shekarun 1950 masu bincike suka gano wata gyaɗar gargajiya a wajen iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa wadda kuturta ba ta kama ta. Sai dai gyaɗa ce mai nauyi, tana neman wata huɗu da rabi zuwa biyar kafin ta nuna. Mu kuwa a Gobir damina wata uku ce da 'yan kwanaki, ruwa ya sauka a Yuni ya ɗauke a Satumba. In ka shuka ta a Sabon Birni, ruwa zai tafi ya bar ta da ciki. Abin da ake bukata shi ne a haɗa aure tsakanin mai jure cuta da mai saurin nuna, a sami 'ya mai halin uwa da na uba.

Wannan aikin a baki yake da sauƙi. Mai bincike zai tsuguna da sassafe ya ɗauki garin furen wannan ya sa wa wancan da hannu, fure ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka samu a shuka, a kiwata darɓa mai ɗauke da cuta da gangan a sake mata, wanda ya kamu a zubar, wanda ya tsira a sake shukawa baɗi. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, sannan a kai gonakin gwaji a wurare daban-daban, sannan a ba manoma su gwada, mata su matse su ga ko tana da mai. Duk wannan kuwa albashi ne, da man mota, da taki, da ɗakin gwaji. In kuɗi ya yanke shekara ɗaya, wahalar shekara biyar tana iya bin ruwa.

Kuma kuɗin ya yanke. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, cibiyoyin bincike suka shiga halin ni-'yasu, ƙwararru da dama suka tafi neman abinci wasu wurare. A shekarun 1990 sai da Bankin Duniya ya ba da rance aka ɗan farfaɗo da su. Waɗanda suka daure a Samaru suka haɗa gwiwa da wata cibiya ta duniya mai suna ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972 domin amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A 2001 aka fitar da iri uku masu jure kuturta, SAMNUT 21 da 22 da 23, na ukun mai saurin nuna ne. A 2011 aka fitar da SAMNUT 24, wadda ke nuna cikin kamar wata uku, ga mai, ga harawa. Wajen yaɗa ta ga manoma, kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates ya taimaka ƙwarai.

Yanzu ki yi lissafi da kanki. Daga 1975 zuwa 2001 shekara 26 ke nan, zuwa 2011 kuwa 36. Jaririyar da aka haifa a daminar annoba, sai da ta yi aure ta hayayyafa, wata ma ta aurar da 'yar fari, kafin irin da ya dace da gonar ubanta ya iso. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa sai da tafiya ta kama muka fara neman wuƙa.

Kafin mu je ga lemo, mu ɗan leƙa tsallaken iyaka, domin akwai abin koyi a can. Bayan farin shekarun 1970 wata tsutsa ta addabi gero, wadda mutanen Maraɗi ke kira murzuna, tana bin zangarniya tana zagaya ta tana cinye ƙwaya. Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi suka yi aiki a kan wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke harbin tsutsar ta sandare ya yi ƙwai a jikinta. Suna kiwata shi, su sa a 'yan ƙananan buhunan algarara, a rataya a gonakin ƙauye lokacin da gero ya fid da kai, shi kuma ya fita farauta. Ba feshi, ba guba a abinci. Tun daga 2006 wata gidauniyar Amurka mai suna McKnight ta ɗauki nauyin yaɗa wannan dabara a Nijar da Mali da Burkina Faso. Abin farin ciki ne, amma ki lura, a nan ma kuɗin na baƙi ne. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyukan binciken noma da yawa da take biya a Afirka suka tsaya cak. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

To yanzu ga lemo. A ƙasarmu ba mu da manyan gonakinsa, sai 'yan itatuwan lemun tsami a lambunan fadama da bayan gida. Lemun zaƙin da muke yanka wa maigida da shan ruwa, yawancinsa daga Binuwai motoci ke kawo shi. Amma ki ƙirga amfanin lemun tsami a hannunki: kunu, shayi, zoɓo, kwaɓin lalle, halawar gyaran jiki, wanke ƙarnin kifi, da jiƙon mura. Shi kuwa lemo ya fi gyaɗa wuyar sha'ani, don gyaɗa in ta lalace bana sai a sake shuka baɗi, itace kuwa sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ba da 'ya'ya.

Lemo ya taɓa ganin irin tasa kuturtar. A shekarun 1930 da 1940 wata cuta ta kashe miliyoyin itatuwan lemo a Ajantina da Barazil, har mutanen can suka raɗa mata suna tiristeza, wato baƙin ciki. Ita ce kuma ta yi wa gonakin lemun tsami na kudancin Gana ɓarna a wannan zamanin. Mai ɗaukar ta kuwa wata irin darɓa ce. Masu bincike suka gano cewa sirrin yana ga gindin da ake yi wa itacen aure a kai, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Da aka sauya gindi aka koma wanda ke jure cutar, sai gonaki suka dawo.

Ta yanzu ta fi wannan muni. An fara saninta a kudancin ƙasar Sin, kuma wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗa ta, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ganye ya yi dabbare-dabbaren rawaya, 'ya'yan su ƙanƙance su karkace, su yi ɗaci, gindinsu ya ƙi nuna, su riƙa zubowa, bayan 'yan shekaru itacen ya zama na murhu. A jihar Fulorida ta Amurka, wadda ta yi suna a duniya da ruwan lemo, an ga ƙwaron a 1998, aka tabbatar da cutar a 2005. Kafin zuwanta, a kakar 2003 zuwa 2004, sun tsinki akwati miliyan 242 na lemun zaƙi, kowane akwati kimanin kilo 41. A kakar 2022 zuwa 2023 abin bai kai akwati miliyan 20 ba. Guguwa ta taimaka wajen ɓarnar, amma cutar ce uwar tafiya.

Su manoman can ba su zauna jiran gwamnati ba. Sun yarda a riƙa cire wani abu a kan kowane akwati ana tarawa domin bincike, wato dai adashi, sai dai mai kwasa shi ne ɗakin gwaji. Gwamnatinsu ita ma a dokar noma ta 2014 ta ware dala miliyan 125 na shekara biyar. Duk da haka har yau ba a sami maganin da ke warkar da itacen da ya kamu ba, sai dabarun rage ɓarna da neman iri mai jurewa. To in masu wannan dukiya suna fama haka, ina ga wanda bai ajiye ko kwabo ba?

Abin da ya sa na kawo wannan dogon labari shi ne, a 2020 masana suka buga rahoton cewa sun sami wannan ƙwaron a jikin itatuwan lemo a jihar Oyo. Tsakanin ganin ƙwaro da bayyanar cuta a Fulorida shekara 7 ce kacal. Muna da cibiyar da aka ɗora wa alhakin lemo da kayan lambu, wato NIHORT da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, shekarar kuturtar gyaɗa, tana kuma da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawari a birnin Maputo cewa kowace ƙasa za ta ba noma kashi 10 cikin 100 na kasafinta. Gwamnatin tarayyar Nijeriya ba ta ko kusanci wannan ba, kuma daga cikin ɗan abin da ake bayarwa, na bincike ɗan tsagi ne. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

Na san wata za ta ce, mu da 'yan bindiga suka hana mazanmu zuwa gona, muna ta kanmu, wa ke ta lemo? Gaskiyarki 'yar uwa, halin da Isa da Sabon Birni suka shiga a 'yan shekarun nan ya isa a yi kuka, kuma malamin gona ba zai kai iri inda ba zai dawo da ransa ba. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ki tuna, ranar da aka koma gona gaba ɗaya, da iri za a koma, kuma irin da za a shuka a ranar, yau ne ake aikinsa ko ake barinsa.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. In maigida zai sayi irin gyaɗa, ki tuna masa ya tambayi sunan irin, kada ya auno kowace iri a bakin kasuwa. A yi shuka da ruwan farko, a kuma matse ta, domin darɓa ta fi son gonar da aka makara mai gwalo-gwalo. Gyauron gyaɗa da ya tsiro da rani a tuge shi. In za a dasa lemo a gida, a saya a wurin masu renon dashe da aka sani, kada a ɗauko daga uwa duniya don an ga ganyensa shar, domin a jikin dashe waɗannan cututtuka suke yin doguwar tafiya. In kin ga itacenki ya sauya kama, a kai ganyen ofishin gona na ƙaramar hukuma a nuna.

Sannan idan lokacin zaɓe ya zo, masu neman ƙuri'a suka aiko da turmin atamfa da sabulu, shugabannin ƙungiyoyin mata su tambaye su: nawa kuka ware wa binciken iri da maganin ƙwari, kuma malaman gona nawa za ku ɗauka? Mu ma muna cika layi ranar zaɓe, bai kamata tambayarmu ta tsaya ga atamfa ba. Ke kuma 'yar makaranta, ba likita da malamar asibiti kaɗai ake karantawa ba. Akwai sashen aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akwai kwalejin aikin gona a Wurno. Wadda ta tashi tana matsar tunkuza ta fi kowa sanin gyaɗar da ke da mai, ba abin da zai hana ta zama ita ce mai fitar da iri.

Allah ya tsare mana amfanin gonarmu daga fari da fara da darɓa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon tuna gobe tun yau.